Jar Akuyar Inna Tamu

Shekarar da aka toshe tsohuwar rijiyar layinmu aka kafa famfon da bai taɓa kawo ruwa ba, ita ce shekarar da maƙwabciyata Binta ta haifi tagwayenta, waɗanda yau ɗaya ke jan keke tsakanin Mokola da Sango, ɗaya kuma yana gyaran waya. Lokacin wayar hannu ba ta shiga hannun mata ba tukuna, sai dai ki je ƙarƙashin lemar masu wayar kuɗi a kira miki. To a shekarar nan, saura wata biyu Babbar Sallah, na yi tafiyar da har yau ba a bar ni na huta da tambayarta ba. Kowane suna, kowane biki, sai wata ta matso: "Hajiya Dije, wai da gaske ne tun daga Nijar kika ɗauko akuya?" Na gaji da maimaitawa. Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba, don abin da idona ya gani sau ɗaya ba ya fita kaina. Na sa an riƙe biro ina faɗa. Wadda ta sake tambayata sai a miƙa mata takarda.

A nan Sabo aka haife ni. Goro ne ya kawo kakana Ibadan, ya zauna. Har na yi jikoki ban taɓa tsallake Jebba ba in ba ta sama ba, shekarar da na je Makka. Waina nake soyawa a ƙofar gida, kuma duk wanda ya san Sabo a wancan zamani ya san tandata.

Akwai wata ƙungiya ta masu yaƙi da talauci da ke yawan shigowa unguwarmu. Sun taɓa raba shinkafa, aka jera mata a rana ana ɗaukarsu hoto da buhu a ka. Ban je ba. Sun raba kekunan ɗinki, kafin azumi ya zagayo rabinsu sun koma kasuwa, don wadda ba ta da abin kari ba za ta zauna tana kallon ƙarfe ba. Ma'aikaciyarsu wata Bayarabiya ce, Anti Bisi, doguwa mai tabarau, mace mai gaskiya. Wata rana ta zauna a bencina tana cin waina ta ce mini da Yarabanci, "Mama, na gaji da ba da abin da ba ya zama." Ta ce za su kai mata shida ƙasar Nijar su ga yadda matan ƙauye ke yi, kuma tana so na shiga, don in na yi magana mata suna ji.

Na yi dariya har mai ya fantsar mini. Na ce, "Nijar? Su da suke gangarowa nan neman abinci, su za su koya mana arziki?" Amma na yarda. Gaskiyar magana, ina so na bar Sabo na 'yan kwanaki saboda Kande.

Kande ƙawata ce tun muna tallan ƙuli-ƙuli. Mijinta mai ɗaurin goro ne, ya yi doguwar jinya ya rasu, jinyar ta cinye jarinta na ƙosai. Na ga dillaliya ta fita da kwanukan ɗakinta ɗaya bayan ɗaya, sannan tukunyar suya. Na aika mata da shinkafa da manja, ta dawo da su. Na sake aikawa da nama a ciki, sai ta zo da kanta, ta ajiye kwanon a gabana, gaban masu sayen waina, ta ce, "Dije, ranar da na fara bara ke zan fara sanarwa." Daga ranar ta daina gaishe ni. Sai na ji a bakin mutane cewa bayan Sallah za ta saki ɗakinta ta koma wajen dangin mijin can Arewa, mutanen da ba ta taɓa gani ba, ta zama abin ciyarwa a gidan wani. Shekara hamsin muna tare, ga shi ina da abin ba ta, ba ni da hanyar da zai shiga hannunta.

Da wannan a cikina na hau bas bayan sallar asuba. Kusa da ni Hajiya Larai mai alale ce, wadda ta zo da kayan da za su ishi amarya: garin amala, busasshen lalo da muke kira ewedu, barkono cikin gwangwani uku. Na yi mata tsiya, na ce ko can za ta tare. Kafin mu kai Ogbomosho ta fara amai, a Ilorin ta ce a sauke ta, a gadar Jebba ta rufe ido tana salati har sai da direba ya ce, "Hajiya, ai mun wuce tun ɗazu." A wancan lokaci hanyar Birnin Gwari ramuka kaɗai ake tsoro. Mun tsaya a dajin mun yi sallah, mun sayi gasasshiyar masara hannun wasu yara mata, ba wanda gabansa ya faɗi. Yau wa zai tsaya?

A Funtuwa muka kwana, ɗaki ɗaya mu shida, fanka tana kuka kamar injin markaɗe. Da safe na fita sayen koko, mai kokon ta dubi ɗaurin ɗankwalina ta ce da maƙwabciyarta, "Ji Bayarabiyar nan yadda ta iya Hausa." Ni! Na tsaya na jero mata sunan kakana da garinsu da unguwarsu. Ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Mama," ta ƙara mini ludayi ɗaya. A Ibadan mu ne Hausawa, a ƙasar Hausa kuma mun zama Yarabawa. Larai ta yi ta dariya har ta manta da amanta.

Bayan Jibiya muka iso iyaka. Ni na zaci katanga zan gani da ƙofa, sai na ga igiya da tsumma a jiki da jandarma zaune a inuwa. Ya duba takardunmu yana Faransanci da Anti Bisi, ita tana Turanci, ba mai jin wani. Da na ga rana na yi sai na leƙa ta taga na ce, "Ɗana, ina wuni?" Ya ɗago ya ce, "Lahiya lau, Inna, kun sha hanya." Ashe Bahaushe ne tsaf. Daga nan ni na zama tafinta, Anti Bisi da duk digirinta tana bayana.

Maraɗi gari ne mai tsabta da faɗin titi. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa cire mini haƙori. Shayinsu a ɗan kofin da bai fi na awon turare ba, ɗaci kamar magani, kuma sai ka sha sau uku. Miya ba manja, ba yaji. A daren farko na bi Larai ina lallashi ta sam mini barkonon da na yi mata tsiya a kansa. Ta ba ni, amma sai da ta sa na maimaita abin da na faɗa.

Kashegari aka nufi ƙauye da mu. Motar ta kafe a rairayi, muka fito muna turawa, zanen Larai ya kwance, ƙarshe shanun amalanke ne suka ja mu. Haka muka shiga garin, manyan baƙi daga Ibadan, a bayan shanu.

Aka raba mu gida gida. Ni aka kai ni wajen wata tsohuwa, Inna Tamu, 'yar siririya, baƙa, ba ta da haƙoran gaba. Ɗakinta na ƙasa ne, gadon kara, tabarma ɗaya. Ta dama mini fura da nonon akuya, ta yi mini kwaɗon zogale da suke kira kopto. Na duba gidan na ce a raina, to wannan me za ta koya mini? Ko ɗakin girkina ya fi nan. Abin da kawai na lura da shi, awaki ne jajaye masu sheƙi, biyar ko shida, a ɗaure a inuwa, tana kiran kowace da sunanta.

Da hantsi matan garin suka taru a gindin bishiya suka yi mana bayani. Abin suna ce masa habbanaye, sun ce wajen Fulani aka samo shi tun kakanni. Mace mai akuya takan kai wa wadda ba ta da ita ta riƙe. In akuyar ta haihu sau biyu, 'ya'yan da nonon na mai riƙo ne, uwar kuma a wuce da ita gidan wata. Masu ƙungiya ba su ƙirƙiro komai ba, awakin farko kawai suka ƙara musu bayan wata shekarar fari, da mai duba lafiyar dabbobi. Anti Bisi tana ta rubutu. Ni kuwa na miƙe na ba su labarin Ibadan, da benaye, da Kasuwar Shasha inda tumatirin da ake zubarwa a rana zai ciyar da garinsu. Suka ce, "Allah mai iko." Yanzu in na tuna sai na rufe fuska.

Kwana uku na yi a gidan. A rana ta biyu muna surfen gero, ni ina taya ta don kada a ce matan birni ba su iya taɓarya ba, sai ta ce, "Ɗiyata, bakinki na dariya amma cikinki ba ya yi. Wa kika baro?" Ban san lokacin da na kwashe labarin Kande na ba ta ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ci gaba da sheƙe gero.

Ranar tafiya da safe, mata sun cika gidan don sallama, sai Inna Tamu ta kwanto wata lafiyayyar akuya, ja kamar manja, ta sa mini igiyar a hannu. Kai, na ji daɗi. A Sabo in an ba baƙo dabba, an girmama shi ke nan, shi kuma sai ya nuna shi ma ɗan gida ne. Na kwance bakin zane na ciro tukwici mai kauri na danƙa mata. Sannan na ɗaga murya don kowa ya ji na ce, "A kira mahauci! Ba zan tafi da ita ni kaɗai ba, yau duk garin nan sai an sha farfesu irin na Ibadan. Larai, kawo barkonon nan!"

Wata yarinya mai goyo ta sa hannu ta rufe baki. Inna Tamu ta dubi kuɗin da ke tafinta, ta kama hannuna ta mayar mini, ta naɗe yatsuna a kai. Sannan ta karɓe igiyar.

Ta ce, "Wa ya ce miki taki ce?"

Na ce, "Ba ke kika ba ni ba, Inna?"

"Riƙo na ba ki. Wannan ita ce 'yar fari ta akuyar da aka kawo mini shekarar da ba ni da ko zanen canji. Ba a yanka ta, ba a sayar da ita, ba a biyan tukwicinta." Ta ja ni gefe, bayan rumbu, don kada na ƙara jin kunya a gaban mutane. Ta ce, "Kin san yadda aka kawo mini uwarta? Ni ma na kori masu kawo mini tsaba. Sai wata ta zo ta ce, Tamu, taimake ni ki riƙe mini wannan, hannunki na da albarkar kiwo. Na san dabara ce. Ita ma ta san na sani. Amma ta bar mini inda zan ajiye fuskata. Ke kin aika wa ƙawarki kwano a rufe, kowa a layi ya san abin da ke ciki. Je ki roƙe ta. Ke ce mai buƙata, ita ce mai taimako."

Na ce, "To yaya zan dawo miki da ita daga Ibadan?"

Ta ce, "In ta haihu sau biyu a miƙa ta gaba. Ranar da ta shiga gida na biyu, ta iso ni." Ta sake sa mini igiyar a hannu. Wannan karon da hannu biyu na karɓa, na durƙusa har ƙasa, ni da ba na durƙusa wa kowa tun rasuwar uwata.

Dawowa kuwa sai wanda ya gani. Direba ya rantse akuya ba za ta hau masa mota ba, na ce to ni ma ba zan hau ba, ya je ya faɗa wa mutanen Sabo inda ya bar ni. Ta hau. A iyaka aka ce dabba ba ta wucewa sai likitan dabbobi ya duba ta. Muka yi zaman awa uku, ya zo ya buɗe bakinta, ya ɗaga kofatonta, ya tambaye ni ko ta sayarwa ce. Na ce amana ce. Ya dube ni, ya ce uwarsa ma da irin wannan ta yi masa kuɗin makaranta, ya buga hatimi. Kafin Katsina ta cinye burodin tsarabar Larai. Kafin Funtuwa ta ja littafin Anti Bisi ta tauna rabin abin da ta kwana uku tana rubutawa. Anti Bisi ta riƙe kai, ta ce, "Mama, me zan kai wa oga?" Na ce, "Kai masa akuyar, duk bayanin yana cikinta." A Mokwa ta yi fitsari a kan jakar Larai, ba mu yi magana da juna ba har Oyo.

Na kwana ɗaya na huta. Da hantsi na ja akuyata na bi layi, yara na bina, har ƙofar Kande. Na same ta tana ɗaure kaya a buhu. Ɗakin ya zama fili, sai tabarma da buta.

Na yi sallama. Ta amsa ba ta dube ni ba.

Na ce, "Kande, wata wahala na jawo wa kaina, na rasa wanda zai fitar da ni sai ke."

"Ke Hajiya guda, mai tanda, me zan iya miki?"

"Wata tsohuwa ce a Nijar ta ɗora mini amanar wannan. Ba tawa ba ce, ba halin na sayar, ba halin na yanka. Gidanmu kin san shi, siminti ne ko'ina, ga 'yan haya. Ni ko kaza ban taɓa kiwo ba. Ke ce kika tashi gidan awaki. In ta mutu a hannuna, me zan ce wa Allah?"

Ta juyo ta kalle ni ido cikin ido. Ta ce, "Dije, ni za ki yi wa wayo? Tare fa muka yi tallan ƙuli-ƙuli."

Kalmar "don Allah ki karɓa, na ba ki" ta zo har bakin haƙorana. Na haɗiye ta. Na ce, "To shi ke nan, bari na kai ta gida, abin da ya same ta ya same ta." Na juya ina jan igiya. Akuyar ta turje ta yi wani kuka.

"Tsaya!" in ji Kande. "Haka ake jan dabba? Za ki shaƙe ta! Wa ya yi mata wannan ɗauri kamar buhun goro?" Ta fizge igiyar, ta tsuguna, ta shafa cikinta, ta ja fatar wuyanta. "Dubi, ƙishirwa ta kusa kashe ta. Kuma ciki ne da ita, ke ko gani ba ki yi ba. Wallahi ba ki da imani, Dije."

Na ce, "Shi ya sa na zo."

Ta ce, "Zuwa ta haihu kawai. Ba don ke ba, don baiwar Allahn nan."

Sallah ta zo ta wuce, buhun Kande yana jingine a bango. Ba sauƙi aka sha ba. Akuyar Arewa ba ta son damshin ƙasarmu, ta yi mura, ta yi zawo, sai da Kande ta roƙi kafinta ya yi mata dakalin katako. Ita da ta ƙi karɓar shinkafata, ga ta tana zagaya gidaje tana karɓar dusar wake wajen Larai, ɓawon doya wajen masu sayar da abinci a buka, ganyen kabeji daga Shasha, kai a sama, don ba wa kanta take roƙo ba. Haihuwar fari tagwaye, ɗaya ya mutu. Ta biyu tagwaye, duk suka rayu. Da ɗan bunsurun farko ta fanso tukunyar suyarta. Ranar da na sake jin ƙamshin ƙosanta a layi, na shiga ɗaki na yi kuka ba wanda ya gani.

Da lokacin miƙawa ya yi ban sa baki ba. Ita ta zaɓi gidan, wata bazawara mai 'ya'ya huɗu, ta ja akuyar da kanta, na ji ta daga waje tana cewa, "Taimake ni ki riƙe mini." Na aika wa Inna Tamu saƙo ta bakin masu kawo albasa cewa akuyarta ta iso ta. Daga baya ƙungiyar Anti Bisi ta sayo wasu awakin ta ƙara, amma an hana su ɗaukar hoto, ni na hana. Jinin jar akuyar nan ya shiga gidajen da ban san iyakarsu ba, har na Yarabawa a Mokola. Ban ce ta kori talauci daga Sabo ba, yana nan da ƙafafunsa. Amma na san matan da ta tsayar a ɗakunansu.

Shekara huɗu da suka wuce gwiwoyina suka ƙi, na daina zama gaban tanda. 'Ya'yana suna ƙoƙari, amma zamani ya yi tsada, ni kuma ba na faɗa. Wata safiya na ji sallama, sai ga Kande tana dogara sanda, tana jan wata 'yar ja.

Ta ce, "Dije, wurina ya cika. Riƙe mini wannan."

Na ce, "Ni za ki yi wa wayo?"

Ta ce, "Karɓi igiya, hannuna ya gaji."

Na karɓa.

Cikin mu shida da muka yi tafiyar nan, saura ni da Larai, ita ma ba ta gani sosai, amma har yau in mun haɗu sai ta tambaye ni kuɗin jakarta. Direban ya rasu. Anti Bisi ta yi ritaya, tana wajen ɗanta a Akinyele, takan aiko mini da gaisuwa da Sallah. Inna Tamu masu albasa suka kawo mini labarin rasuwarta, shekara biyu bayan saƙona ya same ta. Kande bara ta tafi, a ɗakinta na Sabo, a kan gadonta, maƙwabtanta na kanta. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Akuyar da Kande ta kawo kuwa ga ta can a ƙofar ɗakina, ta haihu sau ɗaya, tana da ciki na biyu. Na riga na ga gidan da zan kai ta, na kuma san abin da zan ce.